Bencin Baya

Ranar Talata, tara ga watan Yuli, aka fara zaluntar Liyatu, matar marigayi Gambo, a ikilisiyar Unguwar Tsamiya. Ranar ce ta kira gayyar noma. Ta dama kunu, ta tuƙa tuwo, ta zauna bakin gona har rana ta take, ko mutum ɗaya bai zo ba. Duk sun tafi gonar Dattijo Barnabas, inda aka yanka rago. Ciyawa ta shaƙe dawarta, sauran ranaku kuma tana ƙwadago don ta ciyar da marayunta, sai ta ɗauki fartanya ran Lahadi. Dattawa suka sa ta horo, aka mai da ta bencin baya, aka hana ta Jibin Ubangiji, wato gurasar tarayya da masu bi ke ci a coci.

Malam Irimiya Tanko, tsohon hedimasta, yana birni wajen aikin ido aka yi wannan. Da ya dawo ya ji, ran Asabar da hantsi ya dogara sandarsa sai gidan Fasto Filibus, wanda shi ya koya wa karatu. Aka kawo masa ruwa, ya ture kofin.

Ya ce, "Fasto, zauna. Labari zan ba ka."

"To, Baba Malam."

Ya ce, "An yi wani gari da ke da lambu na kowa da kowa, kewaye da shinge. Kowace mace in itace ya yanke mata, sai ta zare sanda ɗaya ta ce, ɗaya ce ai. Rannan akuyar wani makaho ta bi ta kafar da aka bari, ta ci yakuwa. Aka jawo ta gaban mai gari, ga wuƙa a hannu. Akuya ta ce, ‘Ranka ya daɗe, kafin a yanka ni, ka ji abin da ya sami gurguwar zabuwa.’ Mai gari ya ce ta faɗi.

"Ta ce, ‘Wasu zabi suka ɗora gurguwarsu kan reshe ta riƙa duba musu shaho, bisa alkawarin za su rage mata tsaba. Suka cinye tas, kowacce tana zaton wata ta rage. Da yunwa ta kai mata karo ta sauko ta tsinci ƙwaya, shaho ya sure ɗan tsako. Suka taru suka fige ta, suna kuka da cikakken ciki. Ranka ya daɗe, ni dai ban san hawa shinge ba. A duba murhun garin nan a ga wanda bai ci sandarsa ba.’ Mai gari ya waiwaya, ya ga hayaƙi na tashi daga gidansa, ya ce a mai da wuƙa kube."

Malam Irimiya ya buga sanda ƙasa. "Yanzu gaya mini, wa ya buɗe gayyar Barnabas da addu'a?"

Fasto ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Amma dokar ranar hutu fa..."

"Doka! Ni na koya maka ita. Kowace Lahadi kana ce mana jiki ɗaya muke cikin Almasihu. Wane irin jiki ne hannu zai ci rago, a hukunta ƙafa don ta nemi ƙanzo? Ta yi kuskure, ban musa ba. Amma mutum nawa suka tura ta? Tuwon da ta zubar wa kaji, wa aka sa horo a kansa?"

Fasto ya ce, "Mun yi zunubi, dukanmu. Yau zan je gidanta in ba ta haƙuri."

Malam ya miƙe. "A'a, Filibus. Ba a ɗaki kuka kunyata ta ba. Gobe, kafin a gutsura gurasa, ka ta da jama'a tsaye, da Barnabas, da mawaƙa, da zumuntar mata. Kowa ya juya wa bagaden da ke gaban coci baya, ya fuskanci bencin nan, ku ce, ‘Liyatu, mun yi miki laifi, ki gafarta mana.’ Litinin kuma kowa da fartanyarsa. In ba haka ba, a matsa mini wuri kusa da ita, don can zan zauna."