Kwantaccen Cikin Atika

Talata ce. Rana ta ƙwalle, watan bakwan manoma ya raba, sama wayam.

Zamanin mulkin soja ne, shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye zuwa Maraɗi. Akwai wani ɗan kasuwa a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, Alhaji Nata'ala, mai kamiyo, manyan motocin kaya da ke ƙetara iyaka. Allah ya ba shi komai, ban da ɗa. Ya doshi sittin, matarsa Atika ta ba arba'in baya.

A farkon aurensu Atika ta yi ɓari sau ɗaya, daga nan shiru. Ungozomar gidan likita ta ce su dawo su biyu a duba su, kada su ja lokaci. Shekara da shekaru Atika na roƙonsa. Amsarsa guda ce: "Baɗi. Bari kaya su sauka." Baɗin kuwa ba ta taɓa zuwa ba.

A wannan Talatar ce yayarsa Hajiya Tsahara ta same shi a zaure.

"Nata'ala, yaushe rabon matarka da fashin salla?"

Ya ce bai sani ba.

"An yi watanni. Na tambayi mai yi mata wanki. Ciki ne."

"To ina cikin, Yaya? Ga ta nan kamar sillen kara."

"Kwantacce ne. Yunwar bana ko shanu ta hana haihuwa, balle mutum. Ɗan ya kwanta. In an ci an ƙoshi, ya tashi."

Haka mutanenmu suka ɗauka, wai ciki na iya yin barci shekaru a jikin mace. Nata'ala ya karɓi maganar hannu bibbiyu. Ya sayi ragon suna ya ɗaure a turke. Ana zuba wa rago dusa, a ƙofar gida mata na roƙon dusar su dama wa 'ya'yansu. Aka shiga ɗura wa Atika jiƙe-jiƙen tayar da ciki.

Atika ta san jikinta. Zufa na karyo mata ko da sanyin safiya, barci ya ƙaurace mata. Ta sha jiƙon har shekara ta zagayo, sannan ta durƙusa gabansa.

"Alhaji, ba ciki gare ni ba. Jinin ne ya ɗauke. Haka ya yi wa innata."

"Ke kin fi Hajiya sani?"

"Jikina dai na fi ta sani. Sa'ad da nike ce maka mu tafi likita, lokacin ke nan. Yanzu ya wuce."

"Naki ya wuce. Namiji ba ya tsufa."

A ranar ya sake ta. Ta koma Tsibiri gidan ƙaninta da akwati guda. Ragon aka yi layya da shi, naman ya yi tauri, yara suka yi ta tofarwa.

Ya auri Zalihatu, wata bazawara daga Jiratawa mai ɗiya guda. Don ta taɓa haihuwa ya zaɓe ta. Ruwa ya dawo, aka yi damina, aka yi wata, aka yi ta uku. Shiru. Zalihatu kuwa ba ta iya nuƙu-nuƙu ba.

"Alhaji, ni dai ga shaidata can tana wasa a tsakar gida. Kai ina taka? Ko mu tafi likita, ko ka sawwaƙe mini tun ƙuruciyata ba ta ƙare ba."

Ya yarda, don ya kunyata ta. Suka tafi gidan likita. Lokotoro, wato babban likitan, ya auna su duka, sannan ya kira shi shi kaɗai.

"Alhaji, madam lafiyarta lau. Matsalar wajenka take."

"Ni? Kakana da furfura har gira ya haihu."

"Akan samu. Amma namiji ma shekaru na cin shi. Na mace yankewa yake yi, na namiji tsiyayewa yake kamar randa mai tsaga. Naka ya yi ƙasa ƙwarai. Da shekarun baya ka zo, da muna da abin gwadawa."

Da ya fito bai nufi gida ba, Tsibiri ya ce wa direba. Ya iske Atika tana bakacen gero. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Ya faɗa mata abin da ya ji, kansa a ƙasa.

"Ki yafe mini, ki koma ɗakinki."

"Sakin na yafe. Mata nawa aka saka ba su mutu ba? Shekaruna ne ban san yadda zan yi in yafe ba, Alhaji, don ba su hannunka balle ka maido mini. Komawa kuwa, a'a."

Ta kaɗa faifai, ƙaiƙayi ya tashi.

"Wadda ke gidanka, shekarunta nawa?"

"Talatin da 'yan kai."

"To," in ji ta. Ta ci gaba da aikinta.

Washegari da safe, kafin ya karya, ya kira Zalihatu ya faɗa mata maganar lokotoro, bai rage komai ba. Ya ce in tana son tafiya, ya sawwaƙe mata. Ta ce tana so. Ya sa direba ya kai ta Jiratawa da ɗiyarta da kayanta, ya rufe ƙofar gida da hannunsa.

Darasi: Haihuwa ta Allah ce, amma ya yi mata lokaci, ga mace da ga namiji. In ta yi jinkiri, ku je likita ku biyu tun da sauran ƙarfi, kada girman kai ya cinye shekarun wata. Ku tura labarin nan ga mai cewa baɗi, ko ya ji.