Gurbin Bokiti a Rufin Tirela

An yi wani mutum a wani gari na bakin babbar hanya, tun zamanin da tireloli suka fara yawa a ƙasar nan. Sunansa Ilu. Ba malami ba ne, ba attajiri ba ne, mai fenti ne a garejin manyan motoci. Ko a fentin ma, ba shi ke zana furanni da dawisu a jikin mota ba, irin abin da mutane ke tsayawa su yaba. Rufi yake shafewa. Ku saurara da kyau, rufin tirela mai rufaffen bodi nake nufi, can sama, inda ba mai gani sai tsuntsu, sai Wanda ya halicci tsuntsun.

A garejin akwai wani direba, Barmo, mai jan tirelar wani ɗan kasuwa da ake kira Alhaji Mamuda. Motocin Alhaji shida ne, kuma duk Ilu ke yi musu rufi. Rabin abincin gidan Ilu daga nan yake fitowa. Shi kuwa Barmo mutum ne mai son sanin dalilin komai. In ya ga abu bai gane ba, ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Wata shekara, farkon damina, aka ba Alhaji kwangilar kai irin masara ga manoman wani yanki mai nisa. An yi ruwan shuka a can, mutane sun yi huɗa, iri kawai suke jira. Rufin tirelar Barmo kuwa yana yoyo. Aka kira Ilu ran Litinin, aka ce ran Alhamis da safe za a yi lodi.

Barmo ya jingina tsani ya hau, ya zauna a gefe yana kallo. Ranar farko Ilu ko gwangwanin fenti bai buɗe ba. Burushin ƙarfe ya ɗauka yana kankare tsatsa, gaɓa bayan gaɓa, ƙusa bayan ƙusa, sannan ya wanke rufin ya bar shi ya bushe.

Barmo ya ce, “Malam Ilu, fenti aka kira ka ko wankan jego? Wasu kwalta suke narkawa su malala, kafin azahar sun sauko.”

Ilu ya ce, “Sun sauko, gaskiya ne. Wata biyu rana ta dafa ta, ta tsage, ruwa ya shige ƙarƙashinta ya kwanta yana cin ƙarfe. Kuma baƙa ce, tana mai da cikin mota tanda.”

“To in ya zama tanda fa? Ai ba mutum za a ɗauka ba.”

“Iri mai rai ne, Barmo. In ya dahu a buhu kamanninsa ba sa canzawa. Sai an shuka, an jira kwana bakwai, a ga fili wayam.”

Rana ta biyu ya bi kowace gaɓa da danƙon toshe yoyo, ya shafa jan fentin da ke hana tsatsa. Rana ta uku ya buɗe farin fenti. Barmo ya ce ai Alhaji kore yake so, ya dace da jikin motar. Ilu bai yi gardama ba. Ya ɗauko gutsuren kwano biyu, ɗaya fari ɗaya kore, ya ajiye su a rana, ya ci gaba da aikinsa. Can ya ce wa Barmo ya ɗora tafin hannu a kan kowanne. Barmo ya ɗora a kan farin, ya ji ɗumi. Ya ɗora a kan koren, ya fizge hannu yana yarfewa.

Ilu ya ce, “Ka gaya wa Alhaji abin da hannunka ya ce.”

To, akwai wata ɗabi’a ta Ilu da ta daɗe tana damun Barmo. Duk ranar da ya gama rufi, da rana tsaka, sai ya shiga cikin tirelar ya ja ƙofa ya rufe kansa. Ya jima a ciki, ya fito sharkaf da gumi. Direbobi na cewa aljanunsa yake sallama. Ranar Laraba, bayan shafi na biyu ya sha iska, Ilu ya nufi ƙofa, Barmo ya bi shi.

“Yau sai na ga mutanen nan da kake gaisarwa.”

“Shigo, amma ka rufe baki, ka buɗe ido.”

Suka ja ƙofa. Duhu ya rufe su, ko tafin hannunsa Barmo ba ya gani. Ilu ya ce masa ya ɗaga kai ya jira. Barmo ya ɗaga kai, ya jira, bai ga komai ba. Har zai yi magana, sai can wajen ƙuryar gaba ya hango wani ɗigon haske, bai kai kan allura ba.

Ilu ya ce, “Ka gan shi? Inda haske ya bi, ruwa zai bi. Daga sama ba ya ganuwa, rana ta yi yawa. Sai ka shigo duhu.”

Suka fito suka hau sama. Ilu ya auna da taku, ya durƙusa a wurin. Sannan ya ce, “Nan ne gurbin bokitina. Ranar kankara a nan na ajiye shi, na kankare ko’ina na kewaye shi. Da na ɗauke, na manta ban taɓa ƙarƙashinsa ba. A kan tsatsa na yi fenti. Laifina ne.”

Barmo ya duba. Rufi fari tas, sumul, kamar sabon faranti. Ya ce, “Haba Malam Ilu, wannan ai aikin ɗan yatsa ne. Dangwalo fenti ka shafe. In mun koma ciki ba za mu ga haske ba.”

“Ba za mu gani ba.”

“Alhaji ba zai hau nan ba har abada, da wannan tumbin nasa. Ni kuma ban ga komai ba.”

“Ni na gani.”

Jama’a, ku tsaya nan ku tambayi kanku. Ɗan yatsa ɗaya, da aikin ya ƙare, da an yabe shi. Ilu ya ɗauki abin kankara ya dafa wurin. Fentin ya ɓare, tsatsar ta rufta, rami ya buɗe wanda hannun mutum zai shige. Ashe fatar fenti kaɗai ke riƙe da wurin. Barmo ya leƙa ta ramin ya hango daɓen motar, daidai inda buhunan gaba za su kwanta.

Yanzu sai an yi faci da walda, an sake danƙo, an sake shafi biyu, kowanne ya bushe. Lodin Alhamis ba zai yiwu ba. Barmo ya ce bari ya gaya wa Alhaji mai walda ne ya ɓata lokaci. Ilu ya ce a’a. Ya wanke hannu ya tafi rumfar da Alhaji ke zama, da ƙafarsa.

“Ranka ya daɗe, motar ba za ta yi lodi gobe ba, sai jibi. Na tsallake wani wuri ban kankare ba, yau na gano.”

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa. “Wa ya kama ka?”

“Ba kowa.”

“To wa ya aike ka tonowa? Na ba mutane alkawarin Alhamis. Kai ka yi ɓarna, kai ka tono ta, ni zan ji kunya?”

“Kunyar kwana ɗaya ce, ranka ya daɗe. In iri ya jiƙe, shekarar manoma ce ta tafi.”

Alhaji ya ce, “Gama wannan. Daga ita kada in ƙara ganin tsaninka a jikin motata.”

Ilu ya ce to. Ya koma ya yi facin kamar ba a ce masa komai ba. Ranar Juma’a da hantsi suka sake shiga duhu shi da Barmo. Babu haske ko ɗis. Da aka fara lodi, Barmo ya hau kan buhuna ya taɓa rufin ta ciki, bai ƙone shi ba.

A hanya ruwa ya kama Barmo, wuni guda ana tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Tuƙi yake, amma zuciyarsa na ƙuryar gaba. Da ya isa, aka sauke kaya har aka kai buhunan ƙarshe, ya tura ’yan dako gefe ya cusa hannu cikin buhun da ke ƙarƙashin facin. Ya damƙo masara, ta zubo ta tsakanin yatsunsa a bushe, tana ƙara. Wani tsohon manomi ya tambaye shi me yake wa dariya. Barmo ya ce, “Baba, wani mutum na tuna, ba ka san shi ba.”

Na san kuna jira in ce Alhaji ya dawo ya ba shi haƙuri, Ilu ya gina gidan sama. Ba haka aka yi ba. Alhaji bai dawo ba, motoci shida suka koma hannun masu kwalta, gidan Ilu ya sha koko babu ƙosai a daminar nan. Manoman da suka ci masarar ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da ya samu shi ne Barmo, wanda duk direban da ya yi kukan yoyo sai ya ja shi cikin motar da ke yoyon, ya rufe ƙofa, ya ce masa ɗaga kai, sannan ya nuna masa hanyar rumfar Ilu. Da haka Ilu ya ci abinci har ya tsufa, kuma halal ya ci.

Ga abin da nake gaya muku, ba kwana-kwana. Amana ba a jikin mota take ba, inda kowa ke kallo, a rufi take. Kai tela, cikin ɗinkin da riga ta rufe. Kai magini, simintin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ke mai abincin sayarwa, ruwan da kika wanke shinkafa da shi. Kowannenmu yana da gurbin bokitinsa, ya san wurin, ya shafe shi da ɗan yatsa, yana fatan kada a yi ruwa. Za a yi ruwa. Yau in ka koma gida, ka shiga ka ja ƙofa, ka ɗaga kai ka duba aikinka. Abin da ka hango, kada ka shafe shi. Ka kankare, ka je da ƙafarka wurin mai haƙƙi, ka ce ni ne. Allah ya ba mu ƙarfin faɗa.