Wa Ya Karce Agogon Alhaji?

An yi wani mutum a nan cikin Garwa. Ba zan kama sunansa ba, don ba tonon silili ya tara mu ba. Mai manyan motoci ne, yana jigilar auduga zuwa kudu, kuma Allah ya buɗa masa.

Maraya ne tun yana ɗan shekara shida. Yayarsa Ƙaltume ce ta riƙe shi a Bibemi. Ita ta noma gyaɗa, ta soya, ta tuƙa ƙuli-ƙuli, har ya gama lise, wato sakandare. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Duk duniya shi kaɗai ya rage mata. Auta take kiransa, har bayan furfura ta fito masa a gemu. Da ciwon ƙafa ya matsa mata, ya ɗauko ta ya ba ta ɗaki a gidansa. A nan kam ya kyauta, mu faɗi gaskiya.

To, wata shekara ya tafi Dubai ya dawo da agogo. Ya 'yan uwa, ba irin wanda ni da ku muke ɗaurawa don mu san la'asar ta yi ba. Gilashinsa na saffir ne, ko wuƙa ba ta cin sa. A saman gilashin kuma maƙeransa sun yi wani shafi wanda ya fi ɓawon albasa sirantaka, aikinsa shi ne ya kashe ƙyalli. In ka duba sai ka rantse babu gilashi a wurin, kamar ka sa yatsa ka taɓa lambobin. Sai ya karkata hannu za ka ga wani shuɗi-shuɗi ya gilma.

Wannan shuɗin ne ya tafi da hankalinsa. Ana hira, yana goge agogo. Ana jiran liman, yana goge agogo. Ya hura masa iska, ya kamo bakin hannun rigarsa ya murza. Shi kuwa ba ya sa komai sai shadda mai sitaci, wadda ta sha bugu har tana ƙara in ya motsa.

Wata Juma'a ya cire agogon zai yi alwala, ya ajiye shi a bakin famfo. Ƙaltume ta ga ruwa yana fantsama. Ta lallaɓa da sandarta ta ɗauke, ta kai masa kan tebur a falo.

Bayan an sauko daga masallaci, yana zaune da abokansa a ƙofar gida, ya miƙa hannu cikin rana zai nuna wa wani baƙo. Baƙon ya duba ya ce, "Alhaji, ai kamar ya karce." Alhaji ya duba da kyau. Ga siraran zane nan sun rufe fuskar gilashin kamar saƙar gizo-gizo.

Ya faɗa gida a fusace, yana tambayar wa ya taɓa masa agogo.

Ƙaltume ta ce, "Ni ce, Auta. Na ga ruwa zai jiƙa maka shi."

Ya ce, "Adda, da wannan hannun naki duk kanta? Ku mutanen ƙauye, duk abin da kuka taɓa sai ya lalace."

Abokansa suna ji daga waje. Tsohuwa ta buɗe tafin hannunta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan hannun dai? To, Allah ya ba ka haƙuri."

Washegari ta ɗaure kayanta a zane ta hau motar Bibemi. Matarsa Hamida ta durƙusa ta roƙe shi ya bi yayarsa tasha. Ya ce duk wanda ya sake ambaton sunan Ƙaltume a gabansa, shi ma ya bi ta. Ya kuma aika wa dangi da wannan maganar.

Bayan wata biyu harka ta kai shi Duwala. Ya kai agogon wurin wani gwanin gyara mai suna Parfait. Parfait ya maƙala ɗan madubinsa a ido, ya juya agogon a ƙarƙashin fitila.

Ya ce, "Patron, gilashin lafiyarsa ƙalau. Shafin saman ne ya karce, shi ba shi da ƙarfin gilashin. Kuma wannan ba aikin rana ɗaya ba ne. Dubi, duk zanen a zagaye yake. Wani ne yake murza shi kullum da busasshen yadi mai tauri, ga ƙura a kai. Da me kake goge shi?"

 Mutumin nan ya sunkuyar da kai ya dubi hannun rigarsa.

Ya 'yan uwa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Amma ba wannan ne ya halaka shi ba, don kowa yana kuskure. A ranar Allah ya buɗe masa ƙofar gyara, ya nuna masa gaskiya ƙiri-ƙiri. Daga Garwa zuwa Bibemi tafiyar kwana nawa ce? Ko wuni ba ta kai ba. Me ya rage, in ba ya je ya durƙusa ba?

Sai ya sa aka sauya gilashi, ya dawo gida ya yi shiru. Ko Hamida bai gaya wa ba. Yau ya ce sai an gama kakar auduga. Gobe ya ce ina zai sa fuskarsa in abokai suka ji. Gidan ya yi ta raguwa. Dangi suka ɗauke ƙafa. Hamida ta gaji da zama da mutumin da ba a isa a gaya masa gaskiya ba, ta tafi gidansu. Abokan ƙofar gida suka zame ɗaya bayan ɗaya, kowa yana tunanin wanda ya yi wa mai rainonsa haka, me zai yi wa bare? Ya koma cin abinci shi kaɗai, a falon da ba a jin motsin komai sai fanka. Kaɗaici ya ishe shi, amma girman kai bai sake shi ba.

Ran nan wani direbansa, Léon, ya dawo daga lodi. Ya cire hula ya ce, "Patron, ya haƙuri? Na biyo ta Bibemi na tarar ana addu'ar bakwai ta Mama Ƙaltume. Na ɗauka zan same ka a can."

Ba wanda ya sanar da shi. Wa zai sanar da shi, bayan da bakinsa ya hana? Maƙwabta suka yi mata wanka, maƙwabta suka kai ta.

Ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Kwana uku yana zaune. Masu wucewa su yi sallama daga nesa su ƙara sauri. A rana ta uku ya naɗe tabarmin da kansa, ya tafi Bibemi, ya roƙa aka nuna masa kabarin. Ya tsuguna ya ce, "Adda, ni ne na karce shi. Ba ke ba ce."

Ƙasa ba ta amsa masa ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana raye har yau, motocinsa suna kan hanya. Kada ku ce to ina halakar take. Abin da ke tsakaninka da Ubangijinka, in ka tuba yana yafewa. Amma haƙƙin ɗan Adam sai mai shi ya yafe. Mai wannan haƙƙin ta tafi, ba za su sake haɗuwa ba sai a gaban Allah, kuma ya san haka duk wayewar gari.

Saboda haka kada ka yanke wa mutum hukunci a kan zato. In kuma ka yi, gaskiya ta bayyana maka, to ka tashi a ranar. A cikinmu nan akwai wanda ya san ƙofar da ya kamata ya je ya ƙwanƙwasa. Ka je yau, tun mai gidan yana iya amsa sallama.

Allah ya kiyaye mu da girman kai da mugun zato. Allah ya ba mu ikon neman gafarar waɗanda muka zalunta tun suna da rai. Allah ya jiƙan waɗanda suka raine mu. Amin.