Silindar da Haladu Ya Ƙi Sa wa Hannu

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, sunansa Haladu. Bakanike ne, ƙananan jiragen sama masu farfela yake gyarawa. A wurin akwai babbansa, Sallau, wanda ya koya masa aikin. To, 'yan'uwa, da tafiya ta yi tafiya, sai ya zama duk matuƙin da ya sauka, "Ina Haladu?" yake tambaya. Sallau yana ji. Kullum yana ji, abin yana cin sa.

Wata rana jirgin da ke kai likita ƙauyuka ya dawo da silinda ɗaya a tsage. Silinda ita ce tukunyar ƙarfen da mai ke ƙonewa a ciki, injin kuwa silinda huɗu gare shi. Sabuwa sai an yi mako uku. Sallau ya ga damar nuna ya fi Haladu ta samu. Ya ciro wata daga tsohon inji, ya ɗaura, ta zauna daram. Ya ce wa manajan kamfanin, "Ranka ya daɗe, gobe jirgi zai tashi."

Amma doka sai mutum biyu sun sa hannu. Haladu ya duba lambar silindar, ya buɗe littafin injin, ya ja Sallau gefe. Ku saurara, gefe ya ja shi, ba gaban mutane ba.

Ya ce, "Maigida, wannan ba ta injin nan ba ce. Kama ce kawai. Fistin ɗinta ya fi na sauran matsa mai. Za ta yi zafi a sama."

Sallau ya ce, "Ni za ka koya wa? Ni da na nuna maka yadda ake riƙe sifana?"

Haladu ya ƙi sa hannu. Sallau ya wuce wurin manaja ya ce Haladu baƙin ciki yake yi masa. Kun ji? Ciwon da ke cikinsa, shi ya ɗora wa wani. Aka mayar da Haladu wankin ƙarafa, aka nemo wani da zai sa hannu.

Da Haladu mugu ne, shiru zai yi, jirgi ya tashi, asirin Sallau ya tonu. Amma akwai rayuka a ciki. Ya je wurin manaja da hannu duk baƙin mai, ya ce, "Ranka ya daɗe, a kore ni in an so. A dai kunna injin a ƙasa, rabin awa."

Aka kunna. Minti ashirin ba a yi ba, jirgi ya kama rawa, allurar zafi ta haura ja. Matuƙi ya kashe, ya sauko yana salati.

Manaja ya ce Sallau ya tattara kayansa. Haladu ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, ilimin da na gane matsalar da shi, shi ya koya mini. A bar shi."

Aka bar shi. Kuna tsammanin ya gode? Wata biyu bai amsa gaisuwar Haladu ba. Sai da ya tsufa ya faɗa da bakinsa: "Ba kunyar ce ta fi ƙona ni ba. A ce Haladu ne ya cece ni."

Wannan ita ce hassada, jama'a. Ta sa gwani ya kusa kashe mutane, ta hana shi jin daɗin alherin da aka yi masa. Kai da ƙaninka ya fi ka ciniki, ke da ake yabon maƙwabciyarki, in an ambaci sunansu, me kuke ji a ƙirji? Ku duba yanzu, ku nemi tsarin Allah, tun abin bai kai ga ran wani ba.