Murfin Da Ya Gagari Inna

Akwai wani maƙerin gwangwani da aka yi a Kankiya, sunansa Sodangi, a shekarun da aka koma tuƙi a hannun dama, sababbin motoci suka fara cika hanyar Katsina zuwa Kano.

Fitilar a-ci-bal-bal, mazurari, rariya, babu abin da hannunsa ba ya fitarwa daga tsohon gwangwani. Gwani ne, wannan ba a musu. Matsalar ita ce shi ma ya san gwani ne, kuma ba ya barin kowa ya manta.

A gidansa akwai matarsa Rahamatu, da 'yarsu Sa'a mai shekara uku, da mahaifiyarsa, Inna Ummulkhairi.

Sodangi shi ne ɗanta na fari. Ku 'yan yanzu ba lallai ku san nauyin wannan ba. A lokacin, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta yabonsa, ba ta kai masa kukanta. Tun da aka yaye shi aka kai shi Kusada wajen baffansa, can ya girma. Sai bayan rasuwar mahaifinsa ya ɗauko ta daga ƙauyen Bauranya ta dawo gidansa. Idan maganarsa ta kama, "wancan" take cewa.

Inna tana da ciwon zuciya mai kumbura ƙafa. Malam Kabo, ma'aikacin ɗakin shan magani, ya ba ta wasu ƙananan ƙwayoyi a kwalba, ya ce ɗaya kullum da safe, ko kwana ɗaya kada a tsallake. Ga shi kuma sanyin ƙashi ya lanƙwasa mata yatsu, ko ɗaurin zani sai ta yi a hankali.

Wata rana da hantsi Rahamatu ta ji gidan ya yi shiru. Duk mai ƙaramin yaro ya san wannan shirun ba na alheri ba ne. Ta leƙa bayan ƙofar Inna, sai ga Sa'a zaune da kwalba a buɗe, ƙwaya biyu a bakinta tana tsotsa.

Rahamatu ta zura yatsa ta ƙwaƙulo su, ta saɓa yarinyar a kafaɗa sai wajen Malam Kabo, ko takalmi ba ta tsaya sawa ba. Allah ya kiyaye, ba ta haɗiya ba. Amma Malam Kabo ya faɗa musu gaskiya, da uku sun wuce maƙogwaron yarinya kamar wannan, da wani labarin ake yi.

Daga ranar zama ya gagari Sodangi. A ɗora kwalbar a sama, Inna ba ta kaiwa, ita kuwa Sa'a turmi take ja ta hau. A kulle a akwati, Inna ba ta iya murɗa mabuɗi. Ya shiga gida, ya fita, ya koma rumfarsa, ya sake dawowa ya duba ko kwalbar tana nan.

Kwana huɗu yana yanka yana liƙawa da dalma, sai ga murfi. Sai an danna shi da ƙarfi, a murɗa hagu ba tare da an saki dannawar ba, sannan ya buɗe.

Ya tara yaran unguwa su goma sha ɗaya, ya zuba alewa a kwalba ya rufe, ya ce duk wanda ya buɗe tasa ce. Suka yi ta fama, masu haƙori suka sa haƙori, babu wanda ya dace. 'Yan kasuwa suka yi ta jinjina masa. Kan Sodangi ya ƙara girma, dama can ba ƙarami ba ne.

Ya kawo wa Inna, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya buɗe ya rufe sau uku cikin sauri. Ita kuwa ta kawar da kai, ta dubi Sa'a ta ce, "Allah shi yi albarka."

Ya tashi yana jin daɗi, ya koma bakin aikinsa.

Bayan mako guda Rahamatu ta same shi yana wanke hannu. "Maigida, murhin nan hwa Inna ba ta iya shi. Ni nake buɗe mata kullum, ni ma sai na cije leɓe."

"Ita ta hwaɗa miki?"

"Kai ma ka san ba ta hwaɗi."

"To mi kike so in yi? Yara goma sha ɗaya sun kasa, gaban idon mutane. Aiki ya yi. Sabo ne kawai ba ta yi ba."

Rahamatu ta koma kan aikinta, amma ba don ta yarda ba.

Ana haka sai ƙanwar Rahamatu ta haihu a Yashe. Rahamatu za ta je ta yi kwana bakwai har suna, da Sa'a a bayanta. A zaure ta sake tsayawa ta ce, "Don Allah ka riƙa buɗe mata kahin ka hita."

"To, to, na ji. Ku gaida mai jego."

Bai ji ba. Malam Kabo ya ce masa wani babban jami'in lafiya zai zo daga Katsina mako mai zuwa, idan ya ƙera murafe goma sha biyu za a nuna masa. Hankalin Sodangi ya riga ya tafi Katsina, gangar jikinsa ce kawai a Kankiya.

Kullum da safe sai ya tsaya daga waje, ƙafa ɗaya a hanya. "Inna, an tashi lahiya? An sha magani?"

Daga ciki sai ta ce, "Mun gode Allah."

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba ta amsa ba. Ta yaya za ta dubi ɗan fari ta ce masa aikinka ya gagare ni? Shi kuwa kafin ta rufe baki ya kai bakin titi. Abin takaicin, yarinyar da aka yi murfin dominta ma ba ta garin.

A rana ta biyar da tafiyar Rahamatu, bayan azahar, maƙwabciyarsu Fadimatu ta shiga aron rariya. Ta tarar da Inna zube kusa da butar alwala, numfashi na fita da ƙyar, ƙafafu sun yi suntum. Ihunta ne ya tara mutane, aka ruga kasuwa aka kira Sodangi.

A ɗakin shan magani Malam Kabo ya yi mata allura, ya jingina ta da matashi, sannan ya ce a kawo kwalbar. Ya ɗaga ta a hasken taga, ya daɗe yana kallo.

"Sodangi, yaushe rabon da a buɗe wannan?"

Malam Kabo ya miƙa masa kwalbar. Murfin duk ya kakkarce da bakin wuƙa, gefensa ya lotsa, ga jini ya bushe a jiki. Sodangi ya juya ya dubi hannun mahaifiyarsa. Babban yatsanta a ɗaure yake da tsumma. Ya ga tsumman nan tun shekaranjiya da ta miƙo kwano, bai tambaya ba.

Malam Kabo ya ce, "An gudu ba a tsira ba ke nan. Ka gwada shi a hannun yara goma sha ɗaya. Tsohuwa nawa ka ba ta gwada?"

Kunya da tsoro suka rufe Sodangi, ya jingina da bango ya yi kuka gaban mutane, shi da ko gyara ba ya yarda a yi masa.

Kwana shida Inna ta yi kafin aka maida ta gida. Rahamatu da Sa'a sun dawo. Yanzu Sodangi da hannunsa yake buɗe kwalbar kullum, amma hankalinsa bai kwanta ba. Ranar da tafiya ta kama shi fa? Ranar da ba kowa a gida fa?

Ya ƙera murfi mai laushi, Sa'a ta buɗe kafin ya gama zama. Ya ƙara masa tauri, Inna ta taɓa ta ajiye. Ya yi na uku, ya yi na huɗu. Jami'in Katsina ya zo ya tafi, Sodangi ko leƙawa bai yi ba. Rumfa, gida, rumfa, gida, har maƙwabta suka fara cewa ko lafiya.

Da dabara ta ƙare, sai ya yi abin da ya kamata ya fara da shi. Ya zo bakin ƙofarta da la'asar, ya cire takalmi, ya tsuguna.

"Inna, na kasa. Ki taimake ni. Mi hannunki yake iyawa, mi ba ya iyawa?"

Rahamatu da ke tankaɗe ta tsaya cak. Can sai Inna ta yi gyaran murya, ba ta dube shi ba.

"Ke Rahamatu, hwaɗa ma wancan, ɗiyarshi ta hi ni ƙarhin yatsa, ya daina wahal da kanshi a nan. Amma ba ta kai ni taƙi ba. Miƙo mani faifan nan."

Rahamatu ta miƙa mata faifan da gari a kai. Inna ta ware babban yatsa da na tsakiya iyakar yadda za su buɗe ba tare da ciwo ba, ta dangwala a garin. Ta jawo hannun Sa'a ta ware, ta dangwala a gefe. Na yarinyar ko rabin nata bai kai ba.

Sodangi ya ƙura wa faifan ido. Makonni yana neman abin da ya fi ƙarfin yaro, ashe abin da ya fi faɗin hannunsa ya kamata ya nema. Ya karya kara daidai tazarar nan biyu, ya fita da sauri.

Kwana uku bai huta ba. Ya bar wuyan kwalba, ya ƙera gwangwani mai faɗin baki da za a sa kwalbar a ciki. Ya ciro ƙarafan tsohuwar laima ya yi maɓalli biyu masu laushi, ɗaya nan ɗaya can, a tazarar hannun Inna. Sai an danna su tare da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ɗaga murfin.

Ranar gwaji bai kira kowa ba. Ya zuba ƙuli-ƙuli a ciki ya ba Sa'a. Ta danna wannan, bai buɗe ba. Ta sa hannu biyu ta danna duka, amma babu hannu na uku da zai ɗaga. Ta jijjiga, ta ciza, ta wurgar da shi ta fashe da kuka.

Inna ta jawo gwangwanin gabanta. Ta ɗora yatsu biyu, ta danna a hankali, ta ɗaga. Ƙas, ya buɗe.

Ta ciro ƙuli-ƙuli ɗaya ta sa wa Sa'a a hannu, ta share mata hawaye da bakin mayafi.

"Yi shiru haka nan. Je ki ce ma ubanki shi tahi shi ci abinci. Yau kwana tara ke nan ina ganin kwanonshi na komawa madahi a cike."

Darasi: Kada ka yi wa mutum gyara ba ka tambaye shi ba, musamman tsofaffinmu da kunya ke hana su faɗin abin da ya gagare su. Suna lura da mu ko ba su yi magana ba, mu ma mu lura da su. Ka ɓoye magani daga yara, amma yau ɗin nan ka je ka gani da idonka ko mai maganin yana iya buɗe shi. Ku tura wa duk wanda ke da tsoho da ƙaramin yaro a gida ɗaya.