Zanen Ƙwaryar Uwar Amimba

Shehinmu, kogin ilimi, fitilar masu taƙawa, Allah Ya ƙara masa yarda, ya koyar a makarantar ƙauyenmu da ke gaɓar kogi a ƙasar Surinam, inda jikokin mutanen tsibirin Jawa da na Indiya da 'ya'yan mutanen saman kogi suke zama a benci ɗaya. Bai taɓa auna su da mudu ɗaya ba: 'ya'yan manoma da damin shinkafa yake koya musu lissafi, 'ya'yan masunta da ƙullin taru. Ni Wagiman da nake koyon aiki a hannunsa, maƙogwaron tsawa kawai Allah Ya hore mini.

Wata shekara aka kawo mana Amimba daga saman kogi, yarinyar da ba ta sake furta kalma ba tun ranar da kwalekwale ya kife da mahaifiyarta. Hedimasta Rafik ya ce, "Malam, nan fa makaranta ce, ba asibiti ba. In hutu ya zo bakinta bai buɗe ba, sai ta koma inda ta fito." Shehu ya ce, "Kowace ƙofa da mabuɗinta."

Matan su Amimba da fasasshiyar kwalba suke zana ƙwarya, kuma kowace mace da nata zanen. Ana gab da hutu, Shehu ya idar da walaha, ya shigo aji, ya yi bisimilla, ya ja wani zane mai lanƙwashe-lanƙwashe a allo, sai ya karkatar da ƙarshensa. Yara suka kwashe da dariya: "Malam, maciji ne ko igiyar shanya?"

Amimba ta miƙe, ta goge ƙarshen da tafin hannunta, ta ce, "Kaka, ba haka Inna take rufe shi ba." Ta karɓi alli ta rufe. Na fita baranda na sha kukana, ban ji kunyar kowa ba.

Wallahi Shehu bai taɓa zuwa saman kogi ba, ƙoren da uwar Amimba ta zana kuwa tare da ita suka nitse. Da na tambaye shi yadda ya san zanen, sai ya ce, "Wagiman, Wanda Ya koya wa uwar Shi Ya ara mini rabi. Sauran na 'yar ne."

Yau Amimba ce ke riƙe da alli a ajin nan. Allah Ya haskaka makwancin wannan waliyyi, Ya sa mu dace da albarkarsa, mu da yaran da muke koyarwa.