Ƙorai Biyun Malam Ladan

Akwai wani malamin elementare, Malam Ladan, da aka turo daga Azare zuwa wani ƙauye a hanyar Bulkachuwa, wajen shekarar 1948. Ƙauyen yana da tafki, tafkin kuma yana da labari. Wai wata aljana ce ke riƙe da shi, kuma ba ta son warin nono. Duk ranar da aka wanke ƙwaryar nono a ciki, sai ta kashe kifin don fushi.

Malam Ladan bai taɓa ce wa yara labarin ƙarya ne ba. Ƙorai biyu yake ajiyewa a gaban aji, da tulin goruba. Ƙwarya ɗaya ta "na gani", ɗaya ta "ina zato". Sai ya riƙa ba da labarin kaɗan-kaɗan, yara suna jefa goruba inda ta dace.

"Tafkin nan ba ya ƙafewa da rani."

"Na gani!"

"Aljana ce ke hana shi ƙafewa."

Sai wani ya jefa a ƙwaryar zato.

Wannan ya ƙona wa Bappayo rai. Shi ne mai faɗa a ji a ƙauyen, mutum mai baki kamar reza, kuma ɗansa Talha yana ajin. Har makaranta ya zo yana kumfar baki: "Malam, karatu aka turo ka yi, ko raina kakanninmu?" Malam ya ba shi haƙuri, ya ci gaba da ƙoransa.

Al'adar garin, ba mai taɓa kifin tafki sai ranar da Sarkin Ruwa ya buɗe su, wato kamun kifi na gari duka, kowa ya shiga da homarsa. Saura kwana uku a buɗe, aka ga kifi ya taso saman ruwa fari fat, manya da ƙanana, duk sun mutu. Abincin da gari ya shekara yana jira ke nan.

Bappayo ne ya fara nuna yatsa. Ya ce Hadijatu ce, Bafulatana mai tallan nono da rugarsu ke bayan tafkin. A tashe su kafin faɗuwar rana. Jama'a, tsakiyar rani ake, kuma babu wani ruwan da shanunta za su sha sai wannan! Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci, don gari guda ya amsa, babu wanda ya tsaya ya yi tambaya.

A ƙofar dagaci, Hadijatu ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, shekara goma ina ɗauraye ƙwaryata a bakin ruwan nan, kifi bai taɓa mutuwa ba."

"Rufe mana baki!" in ji Bappayo. Ya jawo Talha gaban mutane. "Ga shaida. Faɗa musu ita ta kashe kifin."

Yaron ya ce, "Na gan ta tana wanke ƙwarya. Na ga kifi ya mutu. Amma cewa ita ta kashe, Baba, wannan na ƙwaryar zato ne."

Dagaci ya gyara zama. "To, me kuma ka gani a tafkin?"

"Jiya da hantsi na ga an daka magimfa turmi uku a gidanmu. Ni na kora wa Baba jakin da ya kai ta bayan tafki."

Kowa a wurin ya san magimfa. Ganye ne da ake dakawa a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso, a tsince shi a ɓoye. In ta yi yawa, ba ta barin ko ɗaya.

"Ɗan banza, ni kake cewa na kashe?" Bappayo ya ɗaga hannu zai mare shi.

"Ban ce ba, Baba. Abin da na gani kawai na faɗa."

"Sauke hannunka," in ji dagaci. "Kai ka kawo shaidarka da kanka."

Sarkin Ruwa ya tafi bayan tafki, ya dawo da dakakken ganye cike da hannu, ya zube shi a gaban Bappayo. Waɗanda suka fi kowa ihun a kori Hadijatu su ne suka fara sulalewa, ko haƙuri ba su ba ta ba. Aka hana Bappayo shiga su har abada, bakinsa kuma ya mutu a garin.

Da la'asar, da izinin dagaci, Hadijatu ta kora shanunta suka sha ruwa a rijiyar gidansa, kafin tafki ya wanke. Washegari aka ga sabuwar ƙwarya cike da kindirmo a ƙofar ajin Malam Ladan, kusa da ƙorai biyun nan.

Darasi: Ku ba yaranku labaran garinku, amma ku koya musu tambayar "wa ya gani?" Zato ba laifi ba ne, sai ranar da aka ɗora shi a kan wani a matsayin gaskiya. Ku tura wa iyaye da malamai, kafin a sake korar wata Hadijatu.